Ciwon Gaɓɓan Umma da Larurar Yayana: Tushensu Ɗaya Ne?

Likita, ni budurwa ce, an kawo kuɗin gaisuwata, ana batun sa rana. Mahaifiyata ta daɗe tana fama da ciwon gaɓɓai. Da asuba yatsunta sandarewa suke yi, sai na ɗumama mata ruwa ta tsoma hannu kafin ta iya alwala. Yanzu yatsun sun fara karkacewa, zobenta ma sai yanke shi aka yi. Yayana kuma yana da taɓin hankali, amma yana karɓar magani a asibiti, ya samu sauƙi har ya koma shagonsa. To sai wata gwaggon wanda zan aura ta ce ta ji a waya wai cututtukan nan biyu jini ɗaya ne, kuma 'ya'yana za su gada. Tun daga nan maganar ta yi sanyi. Gaskiya ne? Akwai gwaji irin na sikila da zan yi? Sannan kwanan nan Umma ba ta barci, ga faɗa da kuka ba dalili, fuskarta ta cika. Wasu ƙananan ƙwayoyi muke sayo mata a kemis. Ina tsoron ko larurar yayana ce ke taso mata.

Wata baiwar Allah, Zariya

'Yar'uwa, Allah Ya ba su lafiya. Abin da gwaggon ta ji yana da tushe, sai dai an yi masa ƙarin gishiri.

Yadda kika kwatanta hannun Umma ya yi kama da amosanin gaɓɓai irin na rumatoyid, wanda garkuwar jiki ce da kanta take juyowa ta auka wa gaɓɓai, kuma ya fi kama mata. A kuromozom na 6 akwai wani yanki cike da ƙwayoyin gado masu koya wa garkuwar jiki bambanta nata da baƙo, ana kiran su HLA. Tuntuni aka san wasu nau'o'in ɗaya daga cikinsu, HLA-DRB1, suna ƙara haɗarin rumatoyid. A 2014 wani babban bincike ya gano wurare 108 a ƙwayoyin gadon ɗan Adam masu alaƙa da wani nau'in taɓin hankali mai suna sikizofireniya, kuma mafi ƙarfinsu a wannan yankin yake. A 2016 masana a Jami'ar Habad ta Amurka suka nuna cewa wata ƙwayar gado mai suna C4 tana da hannu a ciki: tana taimakawa wajen datse mahaɗar jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kuma idan aikinta ya yi yawa haɗarin yakan ƙaru.

Amma zama a unguwa ɗaya ba ya mai da mutane 'yan gida ɗaya. C4 daban, HLA-DRB1 daban. Abin da ma gwaggon ba ta ji ba shi ne, tun shekarun 1930 likitoci suka lura masu sikizofireniya ba su cika kamuwa da rumatoyid kamar sauran jama'a ba. Kuma ɗaukar ƙwayar gado ba kamuwa ba ne. HLA-B27 tana da alaƙa mai ƙarfi da ciwon sandarewar ƙashin baya a Turai, amma da aka bincika Fulanin Gambiya, an samu masu ɗauke da ita, ciwon kuwa da ƙyar ake ganinsa.

Saboda haka babu gwaji irin na sikila. Sikila ƙwayar gado guda ce, shi ya sa ake iya lissafi da AA da AS. Waɗannan kuwa ƙwayoyin gado masu ɗimbin yawa ne, kowace da ɗan tasirinta, ga muhalli da shan taba da sauransu. Duk wanda ya ce ki biya ya gwada miki makomar 'ya'yanki, kuɗinki kawai zai ci. Idan larurar yayanki sikizofireniya ce, a cikin jama'a takan kama kusan mutum 1 cikin 100, ga yaron da kawunsa ke da ita kuwa kusan 3 zuwa 4 cikin 100. Wato fiye da 95 cikin 100 ba ta taɓa su. Abin yana ci mini rai yadda ake fasa auren 'yan mata a kan jita-jitar waya. Ki nemi wanda zai aure ki ya raka ki wajen likitan yayanki, da izininsa, ya ji da kunnensa, shi kuma ya fuskanci danginsa.

Umma ce ta fi tayar mini da hankali. Ki duba kwalin ƙwayoyin nan. Idan firedinisolon ne ko deksametazon, to su kansu suna hana barci, su cika fuska, su jawo fushi da kuka, wani lokaci har ruɗewa, ga hawan jini da sukari. Ciwo mai daɗewa ma yakan kawo ciwon damuwa, shi ma yana da magani. Kada ku yanke mata ƙwayoyin lokaci guda, akwai haɗari sosai, likita ne zai riƙa rage su a hankali. Ku kai ta asibitin koyarwa na Shika cikin makon nan, ku nemi ganin likitan gaɓɓai, ku riƙe kwalayen maganin duka. Akwai magunguna irin su metotireksit masu tsayar da lalacewar gaɓa, kuma yatsan da bai karkace ba tukuna ana iya ceto shi.