Amsoshin Tambayoyinku: Kishi da Makirci a Wasan Othello

Wani mai sauraronmu daga Damagaram yana tambaya: wane wasan kwaikwayo na Ingila ne ya fi fito da kishi da makirci?

To Malam, mun gode. A ganinmu babu kamar Othello na William Shakespeare, wanda aka nuna a fadar Sarki James na Ɗaya a Landan ranar 1 ga Nuwamba, 1604. Tushensa labari ne da marubucin Italiya Cinthio ya buga a 1565.

Othello baƙar fata ne, kwamandan sojan Venice, ya auri Desdemona a ɓoye, ba da yardar mahaifinta ba. Da ya naɗa Cassio mataimakinsa, sai Iago, wanda ya ci burin muƙamin, ya ƙullaci Othello.

Da farko Iago bai ce matar Othello tana cin amanarsa da Cassio ba. Sai ya yi tambaya, ya yi shiru, ya nuna yana jin nauyin magana, har Othello da kansa ya matsa masa ya faɗa. Ya san inda ke yi wa mutumin ciwo: baƙo ne, ya girme ta, kullum yana shakkar ko ya cancance ta. Hujjar kuwa ba ta taka kara ta karya ba. Hankici ne, kyautar Othello ta farko ga Desdemona, ya faɗi, Emilia matar Iago ta tsinta, shi kuma ya ajiye a ɗakin Cassio.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne, duk roƙon alfarmar da Desdemona ta yi wa Cassio a wurin mijinta da zuciya ɗaya, shi ya zama shaida a kanta. Othello ya shaƙe ta a kan gado. Emilia ta tona asirin, mijinta ya kashe ta, Othello ya kashe kansa. Da aka kama Iago, ya ƙi faɗin dalilinsa.