Kafin ka sayi keken zuwa aiki, dubi ƙafarsa

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, rumfata ta gyaran keke ta fara karɓar sababbin baƙi: malaman makaranta, ma'aikatan ofis, masu gadi. Tambayarsu kusan ɗaya ce: wane keke ne mai kyau? Ni kuma sai in ce, Malam, wace hanya kake bi, kuma yaya take komawa a watan Agusta?

In hanyarka shimfiɗaɗɗiya ce kuma kana ɗaura kaya, irin Raleigh ko Phoenix mai kariya ya ishe ka, kayan gyaransa ba sa wuyar samu. In akwai rairayi da ramuka da hawa, nemi mai giya, mai taya 26. Siririyar tayar keken tsere kuwa, bar wa masu tsere abinsu. Rairayi riƙe ta yake yi, rami kuma ya matse tiyub da bakin wili ya yi masa huji biyu a jere.

Taya mai manyan haƙora tana kama laka, amma a kan kwalta gwiwarka ce za ta biya. Mai zuwa aiki kullum, taya mai faɗi, mai matsakaicin zane da kaurin roba ita ce tasa, don ko tsidau ba ya saurin ratsa ta. Sannan a kula da lamba. Tayoyi iri biyu ake kira 28: ɗaya an rubuta 635 a gefenta, ɗaya 622, kuma wannan ba ta hawa wilin waccan. Sau da yawa mutum yakan zo mini da sabuwar taya daga kasuwa, in ce masa ya mayar. In za ka sayo, ka tafi da tsohuwar a hannunka.

Da damina, sa madigadi gaba da baya, kayan aikinka su tsira. Wilin ƙarfe in ya jiƙe birki ba ya kama shi da wuri kamar na alminiyom, don haka fara taɓa birki tun daga nesa. Kada ka kutsa cikin ruwan da ba ka ga ƙasansa ba, wata kwatar ba ta da murfi. Da hunturu, goge kaca kafin ka sa mata mai, kuma ɗan kaɗan, don mai da ƙura in sun haɗu cinye ta suke yi. A hazo kunna fitila ko da gari ya waye. Da bazara, nema wa keken inuwa. Rana tana ƙara wa iskar taya ƙarfi, tana kuma tsattsaga roba.

Yawancin facin da nake yi, ƙarancin iska ne silarsa. Duk mako ka matsa tayarka da babban yatsa, in ta lotsa ka ba ta iska daidai abin da aka rubuta a gefenta. Na fi son ka wuce ta gaban rumfata ka ɗaga mini hannu, da ka iso kana tura keke ƙarfe takwas saura.