Manɗiƙi A Gonar Tumatir

A shekarar 2019 ne hukumar UNESCO ta keɓe ranar 14 ga Janairu domin ilimin manɗiƙi, wato ilimin auna hujja. Kada ɗalibi ya zaci baƙon ilimi ne a ƙasar Hausa. Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi wallafa a kansa, har ya kāre shi daga sukar Imam Suyuɗi.

To, ina ruwan mai nazarin halittu da shi? Ga misali. Tun da tsutsar Tuta absoluta ta cinye tumatir a Jihar Kaduna a 2016, manomi a Ikara ko Kudan kan ce: "In tsutsar ta shiga, ganye zai bushe. Ga shi ya bushe, ashe ita ce." Maganar farko gaskiya ce, amma hukuncin bai inganta ba, domin ƙishirwa da ruɓewar saiwa su ma suna busar da ganye. Sai ya ƙarar da kuɗinsa wajen feshi, alhali shukar ruwa take nema.

Malamai, ku kai ɗalibanku fadama, kowa ya ɗaga ganye ya duba a hasken rana. Tsutsar takan bar farin tabo inda ta ƙwaƙule cikin ganyen. In babu shi, a tona saiwa.