Allo a Bakin Titi ko Talla a Waya?

Tambaya: Ina sayar da takin zamani da irin shuka a Birnin Gwari. Ina so in kafa allon talla a bakin hanyar Kaduna, amma ɗana ya ce ɓarnar kuɗi ce, wai talla ta koma Facebook da TikTok. Wace shawara za ku ba ni?
Daga wani mai karatu, Birnin Gwari

Amsa: Malam, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Kafa allonka, sannan ka damƙa wa yaron aikin waya, domin allo da waya tare suke tafiya. Haka manyan kamfanoni ke yi. Lokacin da Coca-Cola ta kawo tallar nan ta rubuta sunayen mutane a jikin kwalba Nijeriya a 2015, bayan ta fara ta a Ostireliya a 2011, alluna sun sanar da jama'a, su kuma masu saye suka riƙa ɗaukar hoto da kwalbar da ke ɗauke da sunansu suna watsawa. Kamfanin bai biya su ko sisi ba.

Tun da Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta garinku a Nuwamban 2024, manyan motoci sun dawo hanya. To amma direban da ke gudu daƙiƙu kaɗan gare shi. Kada ka cika allon da rubutu. Sunan shago, hoton buhun taki, sai lambar WhatsApp da manyan baƙaƙe, wadda mai babur zai iya karantawa ba tare da ya tsaya ba. Ka ƙara sunan da ajami saboda dattawa. Wannan zanen mai murabba'i da ake haskawa da kyamarar waya ka bar shi a ƙofar shago, inda mutum ke tsaye; ba shi da amfani ga wanda ke cikin mota.

Kada ka rubuta farashi a allo. Kuɗin taki yana sauyawa kafin fenti ya bushe, kuma manomin da ya zo ya tarar da wani kuɗi daban zai ɗauka ka yaudare shi. Farashi aikin yaron ne: kowace safiya ya tura saƙon murya da Hausa, tun da ba kowane manomi ke karatun boko ba.

Dalilina na goyon bayan allo kai ma ka san shi. A ƙarshen Satumban 2021 an katse layukan waya a yankinku saboda 'yan bindigar da ke dazukan Kamuku da Kuyambana, sai Nuwamba aka mayar. Wanda kasuwarsa ta dogara ga intanet kaɗai ya ji jiki a wancan lokaci. Don Allah kuma ka ja wa yaron kunne: ban da bidiyon sito cike da kaya, ban da faɗin ranar da mota za ta taso. Ba masu saye kaɗai ke kallon TikTok ba.

Kafin ka haƙa rami ka je sakatariyar ƙaramar hukuma, domin tsarin mulki ita ya ba kula da tallan waje. Sannan ka sayi sabon layi, ka sa shi a allon kaɗai. Duk kiran da ya shigo ta nan ka san allon ne ya kawo shi, kuma kafin damina ta yi nisa kai da ɗanka za ku iya lissafa ko ya mayar da kuɗinsa.