Birkin Tsohuwar Gingimari a Hanyar Diffa

Daga Diffa zuwa Damagaram, ta Maine-Sorowa da Gudumariya da Gure, tafiyar sama da kilomita 400 ce, kuma babu wani gangaren kirki da zai tsorata direba. Wannan shimfiɗar ƙasa ita ke yaudarar masu manyan motoci. Wani bakanike a garin Diffa, wanda ya yi furfura a ƙarƙashin gingimari, ya lura cewa direba kan kawo mota da gudu in inji ya yi tari, amma birki sai ya kusa halaka shi yake tunawa da shi. Alhali ramuka, da garken shanu ko raƙuma masu tsallaka titi, da shingen jami'an tsaro, duk tsayawar gaggawa suke nema.

Cikin motocin da ke kwasar busasshen tattasai daga ƙauyukan bakin kogin Kumadugu akwai tsofaffin Marsandi masu gajeren hanci, ƙirar da aka fara a 1959. Irin su 911 da 1113 birkinsu na mai ne, iska ke taimaka masa. Saboda haka ciwo biyu gare su: na mai da na iska.

Na mai ya fi ba bakaniken takaici. Man birki yana zuƙar danshi a hankali. Sabon mai samfurin DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, amma wanda ya sha ruwa yana iya tafasa a 155. Da ya tafasa sai tururi ya cika bututu, direba ya taka ya ji ƙafarsa ta tafi har ƙasa, a ce birki ya shanye. To ina ga wanda ya ɗura ruwan omo a madadin mai, wai don ya kai gida? Wani kuma baƙin mai yake zubawa, robobin ciki su kumbura su lalace gaba ɗaya. A ra'ayin bakaniken, ruwan omo aiki ɗaya gare shi a harkar birki: a shafa shi a mahaɗar tiyon iska, inda kumfa ta taso nan ne yoyo.

Gwajin iskar ba ya cin ko dala. A bar tanki ya cika, a kashe inji, a danne birki na minti ɗaya ana kallon allura. In tana zamewa ƙasa, mota ba ta tashi ba. Kowace safiya kuma yaron mota ya buɗe ƙasan tanki ya zubar da ruwan da ya taru. In ruwan ya fito gauraye da mai, kwamfuresa ta gaji.

Sai yashi da laka. Kumadugu ba ta cika sai damina ta ƙare, wajen Oktoba da Nuwamba, kuma a 2019 ta yi ambaliyar da ta ci gonaki da gidaje. Motar da ta kutsa ruwa takalman birkinta sun jiƙe, ba za su kama ba sai an busar da su: a tafi a ƙaramar giya ana ɗan dannawa. Yashin da ya shige ciki kuwa gurzar ƙarfe yake yi kamar zarto.

Bakaniken yana da wata al'ada da yake koya wa yaransa. Mota na tsayawa sai ya zagaya yana kai bayan hannu kusa da kowace ƙafa. Wadda ta yi zau, birkinta na riƙewa. Wadda ta yi sanyi ƙalau bayan doguwar tafiya, ba ta aiki sam, kuma sau da yawa sai a tarar an daddatse bututunta da filaya a hanya don tsayar da yoyo, aka manta. Irin wannan motar ce ke fizgewa gefe guda in an taka, ga lodin tattasai an gina shi sama ya zarce bodi.

“Maigida, a ɗan lallaɓa mini, in na dawo a yi na sosai.” Wannan roƙon kullum sai ya ji shi daga direbobi. Amsarsa ba ta sauyawa: takalmin da man gindin taya ya jiƙa ba a wanke shi da fetur a mayar, canzawa ake yi tare da robar da ta yi yoyon, kuma in aka canza na dama to a ranar ake canza na hagu.