Yadda Ake Kama Jan-baki Ba Tare da Azabtarwa Ba

Garin Gidimuni, wanda ke gabas da birnin Damagaram a kan babbar hanyar da ta nufi Gure, Allah ya yi masa ni'imar tafki da dabino da garake, sai dai ruwan nan da ke rayar da mutane shi ne kuma abin da ke kiran jan-baki, tsuntsun da nauyinsa bai wuce kimanin giram 20 ba, amma idan ya sauka dubbai a kan hatsi ko dawa a lokacin da tsaba ke da ɗanyen ruwa, wahalar damina guda sai ta salwanta cikin ƴan kwanaki. An daɗe ana yaƙarsa da feshin gubar fenthion daga jirgin sama, alhali kuwa gubar ba ta rarrabe jan-baki da shaho ko mujiya, kuma tun da aka shigar da tafkin Gidimuni cikin yarjejeniyar kare dausayi ta Ramsar a 2019, zuba dafi kusa da shi ya zama ɓarnar da mai hankali ba zai yarda da ita ba. Saura kamu, kuma kamu yana da ƙa'ida.

Farkon aiki shi ne gano makwanci. Da la'asar sakaliya a sa samari a wurare dabam-dabam, kowa da salularsa, su lura da inda garken ke dosa bayan ya sha ruwa, domin al'adar jan-baki ce ya kwana a cunkushe, ko dai cikin kacala ko a kan itatuwan ƙaya. Da safe a je a duba. Inda aka tarar kashin tsuntsu ya yi fari fat a ƙasa, rassa kuma sun ranƙwafa, nan ne. Sai a ɗauki alamar wurin da GPS na salula, a ɗauki hoton tsuntsun a aika wa malamin gona ya tabbatar, saboda a lokacin ƙwai bakin macen yakan koma rawaya, mai gaggawa kuwa sai ya ɗauke ta wata halitta dabam.

Inda aka sami ƙaramin jirgi maras matuƙi mai kyamarar da ke ganin ɗumin jiki, a tashe shi bayan isha'i, a bar shi can sama yadda ƙararsa ba za ta firgita garken ba. Fa'idarsa biyu ce: yana nuna faɗin makwancin da inda tsuntsu ya fi yawa, yana kuma tona asirin manyan tsuntsaye irin su balbela idan sun kwana a gefe, don a kauce musu.

Daga nan a jira daren da babu farin wata. Wannan hikima ce ta Hajarawan ƙasar Cadi, waɗanda suka shahara da kama jan-baki cikin duhu da raga mai kusurwa uku, suna kai shi kasuwar Njamena. Ragar ta zama mai ƙananan idanu, mai taushin zare, don kada fiffike ya karye. Masu raga su tsaya a gefe guda, masu kora su taho sannu daga ɗaya gefen, kuma da zarar raga ta yi nauyi a sauke ta a juye cikin kwanduna masu shan iska, ba cikin buhu ba, inda na ƙasa ke shaƙewa tun kafin a kai bakin hanya.

A nan ne fa ake gane mai ihsani da mai mugunta, kuma a nan ne fiƙihu ya riga na'ura. A mazhabar Malikiyya naman tsuntsu halal ne, amma wanda ya mutu a cikin tarko ba a yanka shi ba mushe ne; saboda haka duk wanda ya haɗama ya kama fiye da abin da hannayen jama'arsa za su iya yankawa a daren, ya tara wa kansa asara da alhaki gaba ɗaya. A zauna da fitila marar ƙarfin haske, a riƙa ɗaukowa ɗaya bayan ɗaya, a duba baki da fuska. Wanda ba jan-baki ba ne a ware shi a wani kwando a sake shi da asuba, jan-baki kuwa a yi bisimilla a yanka da wuƙa mai kaifi, ba tare da jinkiri ba. Yara kada a ba su mai rai su ɗaure da zare suna wasa, ko da sun yi kuka.

Abin da ya rage sananne ne ga mata: figa, gyarawa, suya da gishiri, shanya. Sharaɗi guda ne ba a sassautawa, wato kada a kama ko a tsinci tsuntsu a wurin da aka yi feshi.

Raga ba za ta ƙarar da jan-baki ba, domin yana bin ruwan sama daga ƙasa zuwa ƙasa. Iyakarta ta rage garken da ke kwana kusa da gonaki, ta kuma mayar da wani sashe na hatsin da aka ci ya zama nama. Wanda ya yi niyyar wannan aiki a bakin tafkin Gidimuni, to, ya fara sanar da mai gari da ma'aikatan gandun daji, ya sami izininsu kafin ya kafa raga.