Majalisar Masu Neman Rabuwa da Giya

Wanda ya saba zama teburin mai shayi da sassafe a tashar Gaya ko a kasuwar Ajingi, idan mai lura ne, wata rana zai ga mutum ya karɓi kofi da hannu biyu, hannuwan suna rawa har shayin yana zuba masa a riga, bakinsa cike da kanumfari don kashe wari. Na kusa da shi su ce masassara ce. Shi kuwa ya san giyar jiya ce ta sake shi, jikin yana neman wata.

Irin wannan bawan Allah ya sha tuba, ya sha rantsuwa a gaban iyalinsa, amma da ya kwana uku, magariba ta kawo jiki, lokacin da abokan shansa suka saba haɗuwa, sai ya ga ƙafarsa ta kai shi inda zuciyarsa ta ƙi. Domin giya tana da majalisarta, kuma wanda ya bar majalisa bai sami wata ba, kaɗaici ne zai komar da shi.

Wasu mutum biyu a Amurka sun gane haka a shekarar 1935, a garin Akron na jihar Ohio: Bill Wilson, dillalin hannun jari, da Bob Smith, likitan fiɗa, dukansu giya ta ci ƙarfinsu. Suka tarar cewa duk sa'ad da ɗayansu ya zauna ya faɗa wa ɗan'uwansa gaskiyar halinsa, sha'awar takan lafa. Daga nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta samo asali, wato mashayan da ba a bayyana sunansu, ta bazu a duniya. Ƙa'idarta ba wuya: sharaɗin shiga shi ne niyyar bari, ba a biyan kuɗin rajista, kuma mutum yakan ƙudurta haƙurin yini guda ne tak, gobe ya sabunta niyya. A 1989 Musulmin birnin Baltimore suka kafa tasu, Millati Islami, bisa tuba da salla da zikiri. Almajirin ilimi ba zai ga baƙon abu a nan ba, tun da ya san haramcin giya kansa bi da bi ya sauka, daga surar Baƙara zuwa ta Nisa'i zuwa ta Ma'ida, a kan jama'ar da ke ƙarfafa wa juna gwiwa.

To, a ƙasarmu kada ka sa ran ganin allo a ƙofar gida an rubuta cewa nan mashaya ke taruwa. Tun da Kano ta ɗauki shari'a a 2000, aka kuma kafa Hukumar Hisba a 2003, ga haddin bulala 80 a mazhabar Malikiyya, ga kunyar gari inda kowa ya san kakan kowa, mai wannan larura ɓoyo ya fi sani. Saboda haka tambaya ake yi, kuma a asibiti ake farawa.

Dalilin farawa da asibiti babba ne. Wanda ya shekara da shekaru yana sha kullum, idan ya yanke lokaci guda, cikin yini ɗaya zai fara makyarkyata da gumi da amai, wani har da jijjiga irin ta farfaɗiya. A kwana na 2 zuwa na 3 kuma yana iya shiga sambatu da gane-gane, waɗanda jama'a kan ɗauka aikin iska ne, alhali kuwa ciwo ne mai kisa wanda likita ke da maganinsa. Ka je Babban Asibitin Gaya, ka faɗi adadin abin da kake sha ba ragi, domin aikin likita ya ɗora masa riƙe sirrinka. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ka Kano, ta hanyar Wudil, zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. A can ka ce: “Likita, ina roƙon a haɗa ni da waɗanda suka riga ni bari.” Masu ba da shawara na hukumar NDLEA ma ana yi musu wannan tambaya.

Amma ka guji duk gidan da ake sa wa mutum mari ko a duke shi da sunan gyaran hali. A 2019 ’yan sanda sun kuɓutar da ɗaruruwan mutane daga irin waɗannan gidaje a Kaduna da Daura.

Idan Kano ta yi maka nisa, mutum uku sun isa majalisa. Ku sami malami mai rufin asiri ya ara muku zaure bayan lisha, dare ɗaya a mako. Kowa ya faɗi yadda makonsa ya wuce, ba mai katse shi, ba mai yi masa wa'azi; wanda ya zame ya sha, a ce masa “Sannu, ɗan'uwa, madalla da ka dawo,” a ci gaba da lissafi daga yau. Abin da aka faɗa a kan tabarmar nan amana ne, ko matarka ba ta da rabo a ciki. Kafin ku watse ku karɓi lambar wayar juna, kowa kuma ya bar tasa a kunne daga la'asar sakaliya har zuwa lisha.